Bikon Ɗan Amshi

Zuwa ga Malam, maigidana, inuwar ɗorawata a tsakiyar rana, randata mai sanyi a watan bazara, ruwan farko da ke sauka ƙasa ta yi ƙamshi, ƙuli-ƙulin da ya karya mini haƙora biyu amma har yau ban fasa tauna ba. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarmu Rabi'a da mutanen gidanta a can Gawu Babangida. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma rabinsa hira na sha.

Malam, na gaji. Da wannan zan fara, don shi ne gaskiyar da ta fi kusa da bakina. Yau kwana goma sha tara ke nan da ka ɗauki jakarka da butarka ka ce za ka je duba jikoki kwana biyu. Wane irin kwana biyu ne wannan da ya haifi 'ya'ya har goma sha bakwai? Tun da nake ban taɓa jin namiji ya yi yaji ba. Mace aka sani da yaji, namiji ya bi ta da biko. Kai da tsufanka ka juya al'ada, ka bar ni da kunyar unguwa. To ga bikona nan a takarda, don gwiwata ba za ta iya zaman motar Lambata mai bi ta wajenku ba, da ka gan ni a ƙofar gidan Rabi'a da goro a hannu.

Na san laifina, ba sai an aiko mini da shi ba. Bara da yaran nan masu ɗaukar fim suka zo, Nasiruddeen da abokiyar aikinsa Adaobi, suna neman tsofaffin makaɗa da 'yan amshi don su haɗa tarihinsu, kai ka sa babbar rigarka ta Sallah, ka zauna a kujera kamar alƙali, ka ba su labarin shekaru taran da ka yi kana amshi a bayan marigayi Bamalli mai kukuma. Da sun tsaya a nan da an zauna lafiya. Sai yarinyar nan ta juyo da kyamara kaina ta ce ko Mama tana da abin ƙarawa. Malam, wa ya taɓa tambayata ko ina da abin ƙarawa na ce babu? Ai kamar a tambayi kogin Gurara ne a watan Agusta ko yana da ruwa.

Na ba su labarin ranar nan. Ka tuna ta, ko ka ƙi. Bayan la'asar ne, a babban ɗakin taron nan da aka rushe daga baya, ranar da attajirin goron nan Alhaji Ɗanjuma ya gayyato Bamalli, ya kuma ɗauko mai bidiyo takanas tun daga Kaduna, lokacin da ganin mai bidiyo a Suleja ya fi ganin wata da rana wuya. Kana tsaye a jerin 'yan amshi, na uku daga hagu, siririn saurayi kamar karan dawa, hularka ta fi kanka girma. Ni kuma na shigo a makare da ƙawayena, da ɗankwali ruwan ganye wanda na ara. Amshin waƙar shi ne, ruwa ya sauka, Alhaji Ɗanjuma ya iso. An yi shi ya fi sau ashirin lafiya lau. Sai ka ɗaga ido ka gan ni a bakin ƙofa, kuma abin magana yana daidai bakinka. Duk ɗakin ya ji: ruwa ya sauka, Fatsuma ta iso. Kiɗa ya kuɓuce wa mai kalangu, Bamalli ya waiwayo ya zuba maka idon da zai iya dafa doya, Alhaji ya mayar da hannunsa cikin aljihu. Ni kuwa na rufe fuska da ɗankwalin aro.

Haka na faɗa musu, har da kwaikwayon yadda ka zare ido bayan maganar ta fita. Suka yi dariya har kyamara tana rawa. Suka roƙi tsohon faifanmu na bidiyon ranar suka kwafi wurin. Da fim ɗin ya fito ya shiga wayoyin mutane, sai ya zama ko tsire ka je saye, sai wani ya ce da kai Fatsuma ta iso. Na ga fuskarka ranar da masu shayin bakin titi suka haɗa baki suka yi maka amshin, amma na ɗauka fushin kwana ɗaya ne irin wanda tuwon dare yake kashewa. Shekara arba'in da uku ina tsokanarka kana cewa uhm, ta yaya zan san wannan uhm ɗin ya bambanta da sauran?

Bari in gaya maka abin da nake yi tun da ka tafi, ko ka ji tausayina. Ina kallon finafinan kiɗanmu ni kaɗai. Jikarmu Halimatu Sadiya, kafin ta koma aikinta Abuja, ta zuba mini su duka a ɗan abin nan da ake soka wa talabijin, ta nuna mini inda zan danna. In an kawo wuta da hantsi sai in shimfiɗa tabarma, in jawo kujerarka kusa, in kunna.

Na fara da wanda na fi so, na matan nan masu kiɗan ƙwarya, inda tsohuwar da ke gaba take waƙa tana harar mijinta a cikin 'yan kallo. Da kana nan cewa za ka yi ga 'yar'uwarki can. Na jira, ba wanda ya ce. Na kalli na masu gogen nan da ruwan sama ya tarar da su a fili, suka ƙi tashi, wani ya riƙe wa mai gogen lema yana jiƙewa shi. Wannan fim ne da ya kamata duk mai rai ya gani sau ɗaya, amma ni na kashe shi a tsakiya, don a daidai wurin ne kake miƙo hannu ka ce in dakata da surutu, ga inda gogen yake kuka. Na kalli na tsohon nan mai ɗinka kalangu, wanda ake nuna shi yana jeme fatar akuya tun daga farko har ta yi magana. Awa guda ba waƙa ko ɗaya, da can barci yake sa ni, kai kuwa ka fi son sa a kan nama. Wannan karon na kalle shi har ƙarshe ido buɗe, ina neman abin da kake gani a ciki. Ina jin na gano kaɗan. Mutumin ba ya kallon kyamara ko sau ɗaya.

Maƙwabciyarmu Olufunke ta ga halin da nake ciki ta kawo mini na mutanensu, mai ganguna da ƙahonni, awa uku cur, mawaƙin yana canza riga sau huɗu saboda gumi. Ba na jin kalma ko ɗaya, amma yana da kyau, na ajiye maka shi. Ta zauna tana fassara mini da Hausarta mai tafiya da baya, wai mawaƙin yana cewa matarsa ya tafi ya bar shi. Na ce mata a gidan nan ma matar ne ya tafi. Ta yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta yi nisa ba. Shi kuwa na yaran zamanin nan da aka ɗauka a Abuja, mai hayaƙi da fitilu kala-kala, kada ka ɓata idonka. Yaro ɗaya ne yake tsalle, murya tana fitowa daga na'ura, babu ɗan amshi ko na magani. Wa zai tallafe shi in numfashinsa ya ƙare?

A duk finafinan nan, Malam, mai kyamara mawaƙi yake bi. Ni kuwa tun ina yarinya idona a bayan mawaƙi yake, wurin mutanen nan da ke tsaye a jere, ba a liƙa musu, ba a kiran sunansu, amma in suka yi shiru waƙa ta faɗi kamar zanen da ba a ɗaura ba. Ban san haka gidana yake ba sai yanzu. Ni ce mai baki, ni ce mai jan baiti tun daga asuba har magariba, kai kuma naka uhm ne, da to, da Allah ya shirye ki. Ashe a kan waɗannan ukun nake tsaye. Yanzu in na ja baiti sai bango ya dube ni. Kaji ma sun daina saurarena. Na ba su labarin yadda mai gyaran famfo ya faɗa kwata, labarin da ya isa ya kwantar da mutum don dariya, suka ci gaba da tonon ƙasa.

Shekaranjiya Rabi'a ta kira ni ta faɗa mini abin da ka ce mata, kada ka yi mata faɗa, ni na matsa. Wai ka ce shekara tara kana bayan Bamalli ba ka taɓa kuskuren kalma ba sai wannan ɗaya, kuma shi kaɗai duniya za ta riƙe. Wai washegarin ranar Bamalli ya kira ka ya sallame ka, ba kai ka bari don kanka ba. Malam, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ce mini ka yi ka gaji da yawon biki, kana son ka koyi ɗinki ka yi aure. Shekara arba'in da uku ina kallonka a kan keken ɗinki kana motsa leɓe in an sa waƙa a rediyo, ina ce maka tsoho mai cin goro ba goro. Ashe amshi kake yi a ɓoye. Ashe abin da nake bayarwa a matsayin labarin ban dariya a kowane suna da kowane biki, kai ranar da aka raba ka da sana'arka ce. Na ajiye wayar na zauna a bakin rijiya ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Wannan gajiyar ta fi ta gwiwa.

Amma ka ji nawa ɓangaren, ya kai zumar da na samu ba tare da harbi ba. Yaran nan sun yanke maganata. Bayan dariyar na ƙara faɗin wani abu, suka ce fim ya yi tsawo. Ce musu na yi, a duk finafinan kiɗan da aka taɓa ɗauka, daga kan na manyan mawaƙa har na 'yan tsalle, babu wanda ya kai wannan tsohon faifan mai yayyafi a fuska, wanda muka juya daga kaset zuwa faifai don kada ya mutu. A cikinsa ne kaɗai aka taɓa ture sunan mai kuɗi aka sa nawa, 'yar mai ƙosai. Mata nawa ne a garin nan za su iya danna abu su ji muryar mijinsu yana ɗan shekara ashirin da shida yana kiransu a gaban jama'a? Kai kana ganin kuskure, ni wurin nake komawa duk ranar da duniya ta yi mini nauyi. Ranar da muka binne ɗanmu na biyu, da mutane suka watse, ka ɗauka me na kunna a ɗaki na rage murya? Dariyar da nake yi wa labarin, ita ce hanyar da na iya ta faɗinsa ba tare da na yi kuka a gaban mutane ba. Ban iya wata ba. Ba a koya mana a ajin ba.

In kana so in sa Halimatu Sadiya ta nemo yaran su cire ka daga fim ɗinsu, zan yi, ko da zan durƙusa musu da gwiwar nan. In kana so in daina ba da labarin, na daina daga yau, ko da bakina zai kumbura. Masu shayi kuwa ka bar ni da su, na riga na fara da babbansu, yanzu in ya hango ni sai ya shige bayan tukunya. Faifan kawai ba zan bayar ba. Ka dawo, ya hasken farin wata a kan dutsen Zuma, ya iskar da ke riga hadari isowa. Ka dawo ka zauna a kujerarka ka ce wancan mai kalangun bai iya ba. Shekarun da suka rage mana ba su kai waɗanda za a yi ta rabawa tsakanin Suleja da Gawu ba. Motar Asabar tana tashi da safe, na tambaya.

Saura abu ɗaya. Kai ka kira sunana a gaban ɗaruruwan mutane, ka rasa sana'arka a kansa. Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni gidanka ban taɓa furta naka ba, kamar yadda iyayenmu suka koya mana. Malam nake cewa, ko maigida, ko shi. Har a asibiti da aka tambaye ni sunan mijina sai da na sa Rabi'a ta faɗa. To yau ni ma zan yi nawa kuskuren, da gangan, kuma a rubuce inda ba ya gogewa. In ka ga dama ka karanta wa duk Gawu Babangida su yi mini dariya, mu yi kunnen doki.

Lado. Ka dawo gida, Lado.

Ka ga yadda layin ya karkace. Ni ce taka tun ɗankwalin aro, taka da haƙora da babu haƙora, taka har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a bar ɗaya, kuma ina roƙon Allah in an tashe mu ya sake ajiye ni kusa da kunnenka.

Matarka,
Fatsuma