Gari na Shida

Rosalind, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta shekara ashirin da biyu, matar da ta ɗaure tukwanenta sau bakwai saboda aikina ba ta taɓa fasa ko ɗaya a kaina ba,

Yau kwana tara da tafiyarki gidan yayarki a Tacoma, kuma ruwan sama a nan Suva bai ɗauke ba. Na san za ki ce yaushe ya taɓa ɗaukewa. To, da kina nan ban taɓa lura ba.

Na yi laifi, ba sai na yi kewaye-kewaye ba. Duk shekara uku tare muke rubuta garuruwan da muke so ma'aikatar harkokin waje ta tura mu, a teburin kicin, ke da fensir, ni da taswira. Kin tuna a Canberra, da kika rufe ido kika dangwala yatsa ya faɗa tsakiyar teku? Kika ce, "To ranka ya daɗe, sai ka nemo mana aiki a wurin kifaye." Wata shida bayan nan muka sauka a nan tsibirin Fiji.

Bana biyar muka rubuta, aka ce sai shida. Na cike gurbin ni kaɗai a ofis, da ƙasar da ake yaƙi, inda ba a zuwa da iyali. Na ce a raina, wa ake ba zaɓinsa na ƙarshe? Ni da nake taƙamar karanta zuciyar ministoci, na manta cewa garin da kowa ke gudu, wanda ya rubuta shi ya samu. Can ɗin kuwa aka ba ni. Bari ma in faɗi gaskiya, wani lungu na zuciyata ya so abin. Mataimakin jakada, shekara biyu, daga nan sai kujerar da nake mafarki tun ina saurayi. Ke kuwa a bakin matar abokin aikina kika ji, a kasuwa, kina zaɓar gwaza.

Shekara biyu babu ke, masoyiyata? Wa zai taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur in na ɗauko dogon jawabi? Wa zai zauna kusa da ni a taron ƙauye ya shanye ƙoƙon kava, jiƙon saiwar nan mai ɗaci, da murmushi kamar an ba shi zuma? Ke da kika bar asibitinki, kika koyi gaisuwa da harsuna biyar, kika yi bankwana da mahaifinki ta waya, da wane baki zan ce ki jira ni?

A ofis sun ba ni zuwa Juma'a in ba da amsa. Ban jira Juma'ar ba, na ce a'a. Shugabana ya ce irin wannan tayin ba a yinsa sau biyu. Na sani. Ba zan zama jakada ba, Roz, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ciwon bai kai na kwana taran nan ba.

Ki dawo, don Allah. In ba ki huce ba, ki zo ki yi fushin a nan inda zan riƙa ganinki.

Naki ke kaɗai, muddin ina numfashi,
Leland