Shayin Rage Tumbi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba, ta yi sauƙi? Ya yara da babansu? Mu nan lafiya, jaririya sai ƙiba take yi.

Ni ce dai a dame, Yaya. Ƙyamar kaina nake ji. Duk rigar da na sa kafin azahar ta jiƙe, ƙarnin nono yana bina har makaranta. Ranar Talata ina rubutu a allo, na juyo na ga 'yan ajina suna ƙunshe dariya, ashe gaban rigata ya yi sharkaf. Da littafi na kare ƙirjina har aka tashi. Cikina kuwa ya saki kamar tsohuwar jaka, duk zane-zane. Wanka ma a gurguje nake yi don kada in kalli kaina.

Jiya ƙanwar maigidana ta zo. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Anti, in kika biye wa yarinyar nan, sai ta mayar miki da nonuwan nan silifa." Ta ajiye mini wani shayi na rage tumbi, ta ce in koma ba jaririya madarar gwangwani. Wari yake kamar ruwan kwata, amma na toshe hanci na fara sha.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, ya jikin Baba? Na ga faɗanki, na kuma karɓa.

Shayin nan gudawa ya yi ta sa ni, ga shi na rage cin abinci. Nono ya ja baya. Yarinya ta kama ta saki, ta yi ta tsala ihu, madarar kuma ta ƙi ta. Da na kai ta awo ma'aikaciyar jinya ta ce ta rame, ta tsare ni da tambaya, na rasa inda zan sa fuskata.

Ina dawowa na kira ƙanwar maigidan nawa ina faɗa. Sai cewa ta yi, "Ni fa aiko ni aka yi. Mijinki ne ya saya, ya ce kada in faɗa."

Na tambaye shi, bai ko musa ba. Wai taimakona yake yi, wai matan abokansa suna haihuwa suke komawa kamar 'yan mata. Yaya, mutumin da in ya ga tsumman goge nono a gado da yatsu biyu yake ɗagawa! Yana magana yana suɗe hannu, tumbinsa a kan cinya. Na tashi na bar masa falon.

Na juye shayin a masai. Ina ci ina ƙoshi, nono ya fara dawowa. Har yanzu ba na son ganin jikina, ba zan ɓoye miki ba. Amma yanzu a falo nake shayar da ita, a gabansa, shi ke ɗauke kai.

In za ki zo, ki taho mini da rigunan nan naki masu zif a gaba. Sai ta cika shekara biyu zan yaye ta.

Ƙanwarki,
Auta