Lasifikar Hagu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa gida lafiya, ka kuma tarar da Anti da yara ƙalau. Ya gajiyar hanya? Mu nan da sauƙi, in ka cire abin da ya sa na ɗauki biro. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Yaya, wa ya aike ka? Na tafi makaranta da safe na bar falo yadda Baba ya bar shi, na dawo na tarar da wasu dogayen baƙaƙen lasifikoki biyu sun tsaya a gefen kabad kamar masu gadi, na Baba kuwa ko ƙurarsu babu. Kana ta washe baki wai ka yi wa Mama gata. Na ƙyale ka ne kawai don direba na jiranka a waje, ba don na ji daɗi ba.

Bari in tuna maka abin da ka sani ka manta. Lokacin da Baba yake tuƙin babbar mota, da yake Mama ba ta karatu, a kaset yake yi mata magana ya aiko. Tun da ciwon mantuwar nan ya kama ta, ba ta san ya rasu ba. In na sa kaset, a wurinta yana nan zaune a falo. Akwai guda ɗaya da yake cewa a ciki, "Kin ci abinci kuwa? Kada ki jira ni, ki ci." Da wannan kaset ɗin nake ciyar da uwarka, Yaya. Nakan ajiye tire a gabanta kafin ya iso wurin, ta ce masa "To, na ji," sannan ta ɗauki cokali. Ni in na ce ta ci, sai ta kau da kai.

Amfilifayar Baba, na'urar nan da ke tura wa lasifika sauti, don lasifika mai awon om takwas aka yi ta, an rubuta ɓaro-ɓaro a bayanta. Naka om huɗu ne, suna jan wutar da ta fi ƙarfinta. Ni da nake koyar da wannan a aji ba ka tambaye ni ba, sai mai shago ka tambaya. Yanzu tana fara aiki take ɗaukar zafi har hannu ba ya zama a kanta, can sai ta ɗauke ɗif. Jiya a tsakiyar maganarsa ta ɗauke. Mama ta daɗe tana kallon bango, sannan ta tambaye ni ko wani laifi ta yi masa ya yi fushi. Abincin nan haka na mayar da shi kicin.

Ka tuna da ka shigo ta ja mayafi ta gaishe ka kamar baƙo, ka yi dariya ka ce Mama akwai wasa? Ba wasa take ba. Amma wannan maganar wata rana ce. Yanzu dai ka faɗa mini inda ka kai lasifikokin Baba.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, da aiki da iyali. Ya ciwon bayan naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso. Tambaya na yi maka, ka amsa mini da kwali. Sabuwar amfilifaya, mai nauyi kamar a ce gawa aka naɗe a ciki, sai da maƙwabci ya kama mini muka shigo da ita. A takardar da ka liƙa ka rubuta wai yanzu kaya sun dace da juna. Sannunka da ƙoƙari.

Don kada ka ce ban gwada ba, na gwada. Na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, na matsar da lasifikokin daga jikin bango, na goge kan rikodar da auduga. Kuma ba zan ɓoye maka ba, sun dace. Ba zafi, ba ɗaukewa. Murya ta fito tas, har ana jin ƙarar injin motarsa a baya da tarin yaron motarsa, abin da ban taɓa sanin yana cikin kaset ɗin ba. Muryar Baba ce yana magidanci ƙato da ƙuruciyarsa, irin ta lokacin da yake ɗaga ni sama da hannu ɗaya. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Mama kuwa tana jin sallamarsa ta lalubo mayafi ta rufe kai. Ta kira ni da hannu, ta raɗa mini cewa akwai baƙon namiji a falo, in ce masa maigidan ba ya nan. Da ya zo wurin tambayar abinci, ranta ya ɓaci, wai ina ruwan wani ƙato da cikinta. Ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki.

Sai a lokacin na gane abin da muka rasa. Lasifikar hagu ta Baba, takardar bakinta ta yage tun muna yara, shi da kansa ya liƙe ta da ƙyalle da gam. Tun daga nan take ɗan karkarwa in murya ta yi kauri. Da ya tsufa, haka muryarsa ta koma, da 'yar shaƙewar nan. Wannan mutumin Mama ta riƙe a ranta, tsohon da suka tsufa tare. Lokacin da tsohuwar amfilifaya ke fama da lasifikokinka, muryar na ɗan shaƙewa, shi ya sa Mama ke gane shi. Yanzu naka sun wanke shi fes har ya zama wani.

Babu abin da ban yi ba. Na rage siririn sauti, na ƙara kauri, na cire ta dama na bar ɗaya, har bargo na lulluɓa musu. Maƙwabta sun ɗauka na zare. Duk a banza, baƙon nan dai shi ne a falo. Yanzu sai shayi take kurɓa, shi ma da lallashi. Zoben hannunta ya fara zamewa, na cire na ajiye. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita an sa mata ruwa, kuma ka san yadda take firgita da asibiti.

Duk wannan na faɗa maka a waya, ka ce za ta saba. Yaya, matar da ba ta riƙe sunana daga safe zuwa rana ita ce za ta saba? Sannan ka ƙara da cewa za ka aiko da wata na'ura mai gyara sauti. Wallahi in ka aiko, a bakin titi zan ajiye ta. Kana ta neman abin da zai dace da lasifikokinka, ko sau ɗaya ba ka tambayi abin da zai dace da kunnen mai sauraro ba. Raina a ɓace yake da kai, ɓacin da ban taɓa yi ba tun da muka taso.

Wa ka ba lasifikokin Baba? Sunansa kawai nake so da inda yake.

Ina gaida kowa.

Auta

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wayi gari lafiya. Ka miƙa godiyata ga Anti, Allah ya saka mata da alheri, don ita ce ta kira ni ta faɗa mini abin da ka kasa faɗa. Ashe kunya ce ta hana ka, saboda mai askin bakin layinmu ka ba, kyauta, yana cikin gyara maka gemu. Kullum ta ƙofarsa nake wucewa zuwa makaranta.

Na je. Shagon cike da samari, kiɗa na tashi kamar zai tsaga madubi. Lasifikar dama na fara gani a saman kantar shagon, ya riga ya farke cikinta ya sa sabuwa, akwatin kawai ya rage na Baba. Na tambayi ta hagu, ya ce ai wannan ta lalace, karkarwa take yi, ya jefa ta ƙarƙashin wurin wanke kai yana jiran masu sayen tarkace. Na durƙusa da kayan aikina a jiki, samari na kallona, na jawo ta. Gashi ya cika ta, ruwa ya kumbura gindin katakon, amma ƙyallen Baba yana nan a liƙe. Bawan Allah bai ja da ni ba, har ya ce zai sa a kawo mini. Na ce a'a, na rungumo abata har gida.

Da burushin haƙori na share ta. Na cire kayanka duka, na dawo da tsohuwar amfilifaya, na mayar da maɓallan daidai inda Baba ya ɗiga musu jan fenti. Na zura wayar lasifikar a raminta. Na zuba abinci, na fito da Mama falo tana turjewa, mayafi a kanta tun daga ɗaki. Na danna kaset.

Ya yi sallama da 'yar karkarwar nan tasa. Mama ta tsaya cik. Sai ta saki mayafin ya zamo kafaɗa, ta nuna lasifikar da yatsa, ta ce, "Kai kuma ina ka shiga? Ka bar ni da baƙi a gida!" Faɗa ta yi masa sosai, irin wanda ka sani. Da ya tambaye ta abinci, ta harare shi ta ce sai yanzu ya tuna, sannan ta jawo tire. Ta cinye, Yaya. Har ƙari ta nema.

Kada ka ɗauka na huce. Lasifika ɗaya ce ta rage mana, katakonta ya sha ruwa, yagewar kuma ta ƙaru. Ban san iya kwanan da za ta yi ba, kuma ranar da ta mutu ban san da me zan ciyar da Mama ba. Wannan kai ka jawo mana. Kayanka suna baranda na rufe su da leda, ka sa a zo a kwashe.

Bayan ta ƙoshi na nuna mata hotonka na bango, na ce ga babban ɗanki yana gaishe ki. Ta duba, ta duba, ta gyara mayafi, ta ce in gaishe shi, ɗan gidan wa ne? Yagaggiyar lasifika ta gane, saboda kullum tana ɗakin tare da ita. Na gyara ɗakinka na da, na canza zanin gado. Kada ka aiko da komai. Ka zo ka zauna.

Ƙanwarka,
Auta