Ƙishirwar Duna

Daren Laraba

Yau ma karenmu Duna ya sa baki a bokitin alwalar Baba. Sau bakwai na wanke bokitin. Baba ya ce, "Gobe a kai shi daji a yar."

Ni kaina na sha dukansa kan haka, ina cewa iskanci ne. Ashe ciwo ne. Likitan dabbobi ya ce wani ƙari ne da ba a cika gani ba, yana sa sinadarin kotisol ya yi yawa a jikinsa. Shi ya kawo ƙishirwar, da tumbin, da zubewar gashi.

Shekara tara yana tsaron awakinmu. Na cika masa baho nasa na kansa. Gobe zan durƙusa gaban Baba, ba zan tashi ba sai ya ce a bar shi.