Mesar da ke Ƙarƙashin Rumbun Baba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gozaki lafiya lau, alhamdulillahi.

Yaya, wani abu ya ɗaure mini kai. Ranar Juma'a na je ɗebo dawa, sai na ga mesa naɗe a ƙarƙashin rumbun marigayi Baba, kaurinta ya kai cinyata. Na kurma ihu, maƙwabta suka fito da sanduna. Malam Idi maƙwabcinmu ya rantse ita ke cinye masa kaji, a kashe ta. Sai Inna ta tsaya gaban rumbun, ta ce, "Ba mai taɓa ta! Babanku ya san da ita, ita ke kore mana ɓeraye."

Ni ban taɓa jin haka ba. Kai ka sani? Yanzu Malam Idi ya daina amsa gaisuwata, ni ma na hana yarana zuwa wajen. Inna ta ce kai ne babba, abin da ka yanke shi za a yi.

Ka gaida Hajiya Rabi. Ka amsa da wuri, ka kuma sa ni a addu'a, don ban san wa zan saɓa wa ba, uwata ko maƙwabcina.

Ƙaninka,
Lawal