Muryar da Na Ji a Ɗakin Corinne

Litinin, 6 ga Oktoba

Kai mai buɗe littafin nan, rufe shi. Leƙen asirin mutane rashin tarbiyya ne.

'Yata Corinne, mai karatun ba masu damuwa shawara, ta fara ganinsu a asibitin jami'a. Da izininsu take naɗar hirar, malamarta Dakta Halvorsen ta saurara ta nuna mata inda ta yi kuskure. Ban so ba. Kukan mutum ba abin ajiyewa a na'ura ba ne.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kai mata wanki ɗaki ban ƙwanƙwasa ba. Gidana ne. Tana sauraron naɗin a fili, ba ta sa abin sauraro a kunne ba. Wani namiji yana kuka, yana cewa ya koma shan giya. Na gane muryar. Dale ne, ɗan wata mata mai suna Wanda ta cocinmu. Ban fita ba, na tsaya na ji.

Da ta juyo ta gan ni, sai ta tsayar da naɗin. "Mama, kin kashe ni! Tun yaushe kike nan?"

Na ce to ai sai ki yi shiru, wa zai sani? Ni na faɗi haka. Ni!

Ta ce dole ta kai ƙarar kanta. Suna iya korarta, a shekarar ƙarshe.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Mahaifiyar Dale, Wanda, ta zauna kusa da ni a coci, ta ce: "Loretta, bakinki ciwo yake yau? Ko limamin ba ki gyara wa wa'azi ba!" Sai ta hau yabon Dale, wai shekararsa biyu bai taɓa kwalba ba. Na damƙe jakata har yatsuna suka sage. Ban taɓa ganin ɓarna na yi shiru ba. In kalma ɗaya ta fita daga bakina, karatun 'yata ya ƙare.

Talata, 14 ga Oktoba

Gobe Corinne za ta zauna gaban kwamitin jami'a.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ba su kore ta ba. Gargaɗi a rubuce, kuma naɗi ba zai sake barin jami'a ba. An sanar da Dale, an sauya masa mai ba shi shawara.

Na haɗu da shi a kantin kayan miya. Ya sunkuyar da kai yana jiran wa'azina. Na tambaye shi lafiyar karensa. Sauri nake yi ne kawai.

Na faɗa wa kowa a teburin abinci: daga yau, ƙofa in a rufe take, a ƙwanƙwasa, a jira amsa. Mahaifinta ya ce, "Har da ke, shugaba?"

Na ce kowa.