Gwaggona ta dawo da akuyar

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce in yi haƙuri kawai ya riƙe abinsa, na ji wannan har na gaji.

Ni ce ke kula da fejin wata ƙaramar ƙungiyar taimakon mata a Dutsin-Ma. Sakandare kawai na gama, amma na iya waya na iya rubutu, shi ya sa Hajiyar da ke shugabancinmu ta ɗauke ni. Aikinmu raba akuyar kiwo ne, a ba mace uwa, in ta haihu ta miƙa 'yar ga wata. Ni ke ɗaukar hoto, ni ke fostin, ni ke amsa komen. Tun farko na faɗa wa Hajiya ba na son sa fuskar mutane, a ɗauki hannu da igiya da akuya ya isa. Ta ce masu ba da tallafi ba hannu suke son gani ba, ido suke so. Muka yi ta ja, wani lokaci ta ci, wani lokaci na ci.

Ina da gwaggo a Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, ƙanwar babana, ita ta riƙe ni bayan rasuwar iyayena. Ɗanta ɗaya, yana kudu, ba aike ba waya. Ni na sa sunanta a rabon da muka yi a cikin garin Kurfi. Ranar na ɗauke ta hoto don rahoton ofis kawai, har tana tsokanata wai in bari ta gyara kallabi kar Turawa su ce gwaggon 'yar birni ƙazama ce. Na rantse mata ba wanda zai gani.

Sati na gaba zazzaɓi ya kwantar da ni, sakataren ƙungiya ya karɓi fejin. Ina farfaɗowa na ga hoton Gwaggo a saman fejin, fuskarta tar, an rubuta a ƙasa wai tsohuwar da ba ta da kowa, 'ya'ya sun yashe ta. Ba ta da kowa fa, alhali ni ce na ɗauki hoton. Ba mu taɓa fostin da ya yi tafiya irin wannan ba, sai sheya ake, mutane na ta turo tallafi.

Abin da ban sani ba, ashe Gwaggo ta gaya wa duk maƙwabta ɗanta ne ya aiko aka saya mata akuyar. Shekaru tana rufa masa asiri haka, in na kai mata atamfa ma cewa take shi ya aiko, ni kau ban taɓa damuwa ba. Sai a gidan suna wata ta miƙa mata waya a gaban sauran mata, wai Gwaggo ga ki a duniya. Aka karanta mata rubutun da ƙarfi.

Ranar kasuwa sai ga ɗan acaɓa a ƙofar gidan da nake haya, akuya ɗaure a bayansa. Saƙon da Gwaggo ta ba shi gajere ne, wai a ce wa 'yar birni ta gode, wadda ba ta da kowa ba ta da mai yi mata ciyawa. Na kira ta ba adadi, ba ta ɗauka. Na je har gida, ta amsa gaisuwata kamar ta baƙuwa, ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, ba ta ko zauna ba.

Na samu Hajiya na ce a sauke hoton. Ta ce in daina yarinta, da wannan hoton aka samu awakin da mata da yawa ke jira a Shema, kuma shi za a sa a neman tallafin azumi. Na ce to ta sa hoton tata gwaggon. Tun ranar ba mai yi mini magana a ofis sai ta aiki. A ƙauye kuma kowa ya san ni ce mai waya, ba wanda ya yarda ba ni na sa ba.

Faswod ɗin fejin na hannuna, yanzu ma zan iya goge hoton. In na goge, aikin ya tafi, wataƙila da awakin matan Shema, kuma waɗanda suka riga suka sheya ba zan bi su gida-gida ba. In na bari, da wane ido zan koma Ɗantutture? Ko in yi rubutu a fejin da sunana in ce tana da ni, ko hakan ƙara tona ta ne?

Akuyar tana nan ɗaure a tsakar gida, mai gidan haya ya fara ƙorafi. Ciki gare ta, ta kusa. In na dawo daga ofis na yi sallama, ita kaɗai ke ɗago kai. Ku faɗa mini abin da zan yi kafin ta haihu, don ba ni da wanda zan tambaya sai ku.